Tsakanin Mu da Ku

Kowace shekara in an rufe lakwal, wato makarantar boko, sai an turo mana samari da 'yan mata su koyi aikin rediyo, kuma har yau ban ga wanda ya shigo da tsoro ba. Sai ka ga yaro ya gyara wuyan riga, ya ɗora kasko, abin sauraren nan, a kunne, ya tambaye ni ko muryarsa ta yi. Ta yi, ɗana. Jaki ma yana da murya, ana jin sa daga kasuwar dabbobi har tsohon gari. Ni abin da nake nema a fuskar mai karanta labarai shi ne ɗan tsoro, domin wanda ba ya tsoron mikiro bai san abin da aka ajiye a gabansa ba. Kun ce aikin nan karatu ne kawai, a ba ka takarda ka karanta. To ku zauna, ku ajiye wayoyin nan, in gaya muku yadda na koye shi da kuma abin da ya ci mini.

Takardar farko da aka miƙo mini layi biyu ce da Faransanci, a kan wata babbar mota da ta taso daga Dirku, can cikin hamada, ba ta iso nan Agadas ba. Malam Attahir, wanda ya koya mini aiki, ya ce in juya ta zuwa Hausa. Na juya kafin ya kurɓi shayinsa, ina jin kaina. Ya karanta, ya ɗago ya ce, “Wa ya ga motar ta taso?” Na ce takarda ce ta faɗa. Ya ce, “Takarda ba ta da ido. Bafaranshen da ya rubuta ta ma bai tabbata ba, dubi yadda ya lanƙwasa maganar. Kai kuma ka miƙe ta sambal.” Ranar ya nuna mini kayan aikinmu na gaske, waɗanda ba a saye a kanti. Akwai “in ji”, na maganar da ka san mai ita, za ka iya nuna ƙofar gidansa. Akwai “an ce”, na maganar da ke yawo ba uba. Sai “wai”, wadda ya ce in riƙe ta kamar wuƙa, domin in ka ce “wai gwamna ya ce” to ka ƙaryata gwamna ke nan, kuma kafin azahar za a aiko mota ta ɗauke ka. Kalma ɗaya ce ya haramta mini gaba ɗaya, ita ce “ni”. Ya ce mai karanta labarai ɗan aike ne, ba shi da ni, ba shi da na gani. In na kuskura na ce “ina jin” ko “a ganina” a wajen gwaji, sai ya buga tebur da tafin hannu har biro ya yi tsalle.

Da farko na ɗauka tsufa ne ke damun sa. Masu kawo sanarwa ne suka fahimtar da ni. Makiyayi zai zo bayan taron makiyaya na shekara a Ingal yana cigiyar raƙumarsa, ya kwatanta maka tambarin da ke wuyanta, in ka karkata kwatancen kaɗan sai a kama wani bawan Allah da tasa dabbar. Ma'aikacin gawayi daga Cirozerin zai aiko a gaida matarsa, in ka kira sunan da ba nata ba ka haɗa faɗan da ba ka da hannun rabawa. Akwai wata dattijuwa da ɗanta ya bi hanyar arewa, ta riƙa zuwa tana zama a bakin ƙofarmu duk lokacin da aka ce mota ta ɓace. Ba ta tambayar kowa komai. Fuskata take duba in na fito daga ɗakin karatu. Tun daga kanta na gane cewa duk abin da na faɗa cikin ƙarfen nan a kunnen uwar wani yake sauka.

A bayan gilashi, wurin na'urori, akwai wanda yake buɗe maka mikiro ya rufe, kuma rayuwarka a hannunsa take. Nawa shi ne Barnaba. Bagobiri ne daga wajen Maraɗi, Kirista, ya zo Agadas yana saurayi, ya yi aure, ya haifi 'ya'yansa duka a nan. Muna tsokanar sa da “Barnaba, ba ɓarna ba”, domin ban taɓa ganin ya lalata aiki ba. A zamanin kaset, da reza yake yanka zaren murya ya liƙe. Na ga ya cire tari daga tsakiyar jawabin wani babba, mai jawabin da kansa ya saurara bai gane inda aka taɓa ba. Yakan ɗaga rezar ya ce ita ce abu mafi haɗari a gidan nan, shi ya sa yake kulle ta a aljihun tebur. Yanzu kowannenku yana yawo da irinta a aljihu, wayar nan, kuma ba wanda ya koya muku tsoronta.

Barnaba ya fi wasu 'yan gari son garin nan. In danginsa suka zo daga kudu suna kukan zafi da tsadar tumatir, sai ya yi dariya ya ce, “Haka garinmu shike, sai mai haƙuri.” In an yi baƙi Turawa shi ke kai su su ga hasumiyar babban masallaci, yana nuna musu da alfahari kamar kakansa ne ya ɗora tubalin. Da azumi ba ya cin komai a gabanmu. Da sallah matarsa ce ke taya tawa suyar nama.

Abokin gardamarsa shi ne Malam Hamidan, mai gabatar da shirin addini na safiyar Juma'a. Kullum in an gama labaran rana sai mu zauna a rumfar tsakar gida, Ghali mai gadi ya ɗora shayi, su biyun su ɗauko daga inda suka tsaya jiya. Shekara da shekaru suna yi, ba wanda ya ja wani ko taku ɗaya, ba kuma wanda ya taɓa tashi da fushi. Ni dai nawa shan shayi.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ba ta daɗe da lokacin da aka ƙona majami'u a wasu garuruwan ƙasar nan ba. Ƙurar ta lafa amma kowa yana tafiya a hankali. A wani mako na shekarar wata mota ta sake ɓacewa a hanyar Dirku, gidajen rediyo suka rabu uku a kanta. Wata ta waje ta ce duk sun mutu, wata ta ce an tsinci rabi da rai, ta gwamnati ta ce ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Ranar Litinin muna rumfa, ni da su biyu da Ghali, sai wani baƙo da ya kawo cigiyar raƙumi yana zaune a gefe yana jiran a karɓi sanarwarsa.

Malam Hamidan ya ce, “To kun ji. Mota guda, hamada guda, labari uku. Abin da nike faɗa maka ke nan kullum, Barnaba. Linjilar da ke hannunku haka take. Mutum huɗu, kowa da nashi.”

Barnaba ya ce, “Malam, in mutum huɗu sunka ga gobara, wanga ya ce daga madafa ta taso, wancan ya ce daga rumbu, gidan bai ƙone ba ke nan? Ni waɗanda nike tsoro su ne huɗun da za su zo da magana guda, baƙi da wasali, kamar sanarwar gwamnati. Su ka san zaunar da su anka yi, anka ba su karatu.”

“Su huɗun naka ba mabiya ba ne? Mai so ne ya rubuta. Ka taɓa jin rediyon gwamnati ta ce shugaba ya yi kuskure?”

“Mai karanta na gwamnati ƙarshen wata shike jira. Su waɗannan duka da ɗauri sunka samu.”

“Mutum shina shan duka a kan kuskure ma,” in ji Malam. “Mu mun yarda Allah ya saukar wa Annabi Isa, alaihis salam, da Linjila. Tambayarmu ita ce, wa ya ji daga wa? Ina ‘in ji’ ɗinku? Kuma harshe nawa ta ratsa kafin ta iso hannunka? Tambayi Sidi abin da fassara ke yi wa magana.”

Sidi ni ne. Na ce su cire ni a ciki, ni ɗan aike ne. Suka yi dariya. Ghali yana tsugune yana fasa dunƙulen sukari da gindin kofi, kamar yadda Buzaye ke yi. Sai Barnaba ya ce, “Ai ban musa ba, Malam. Littafinmu, mutane ne sunka rubuta shi da hannunsu, kamar 'yan jarida, kowa da inda ya tsaya ya gani. Amma mu mun gaskata Allah ne ya bi da hannun.” Malam ya ce wannan kuma sai gobe. Aka sha shayi aka watse.

Ranar Laraba da hantsi matata ta miƙo mini wayarta. Saƙon murya ne da aka turo a gurup ɗin matan unguwa. Da farko wani namiji da ban san muryarsa ba ya ce, “Jama'a ku saurari abin da Kiristan gidan rediyo ya faɗa wa malami ido da ido a kan Alƙur'ani.” Sai muryar Barnaba, ba sallama, ba dariyar da ta gabata, ba ƙarshen maganar: “Malam, littafin…” sai ƙwas, ƙarar kofin Ghali a kan sukari, sai “mutane ne sunka rubuta shi da hannunsu, kamar 'yan jarida.” Shi ke nan.

Ku saurare ni da kyau a nan. Ina wurin aka yi maganar. Da kunnena na ji ya ce littafinmu. Amma da na saurari saƙon bayan mutumin nan ya gaya mini abin da zan ji, wallahi “littafinku” na ji. Na maimaita, na sake jin “ku”. Ƙarar kofin ta faɗa daidai kan harafin, ta cinye shi, ta bar wani abu mai kama da sautin “k” a wurin. Na zauna a bakin gado. Na san in ni da nake wurin na ji haka, to duk Agadas haka za ta ji. Kunne ba shaida ba ne, abin da aka riga aka zuba masa shi yake ji.

Baƙon raƙumin nan ne ya ɗauka da wayarsa. Daga baya ya zo yana kuka, ya rantse gardamar ce ta burge shi, ya tura wa ƙaninsa ita cikakkiya, ya kuma goge tasa don wayar ta cika. Ƙanin ya tura wa wasu. A wane hannu aka yanke kai da wutsiya aka ɗora gabatarwa, har yau ba mu sani ba. Cikakkiyar kuma ba mu sake samun ta ba.

Na tarar da Barnaba a ɗakin na'urori ya riga ya ɗora saƙon a kan ordinata, wato kwamfuta. Ya ja shi a hankali, ya buɗe shi, ya tace shi, duk dabarar da ya sani. Ya juyo ya ce mini, “Sidi, harafin ba shi nan. Ba mu, ba ku. Sukari ne kawai.” Bai ɗaga murya ba.

Kafin la'asar aka koro 'ya'yansa daga wurin wasa. Washegari Alhamis mai nama ya ƙi sayar wa matar Barnaba, wanda shekara nawa tana saye a wurinsa. Da rana aka jefi ƙofar gidansu, wani ya zana alama da gawayi a bango. Waya ta riƙa shigowa gidan rediyo, wasu suna tambaya, wasu suna gaya mana abin da za a yi bayan sallar Juma'a, ba su ko ɓoye muryarsu. Duk wanda ya ga hayaƙin majami'un wancan lokaci, ko a hoto, ya san ba barazanar banza ba ce. Malam Hamidan ya aika matarsa ta kwaso matar Barnaba da yaran cikin lulluɓi ta kai su gidansa. Barnaba kuma muka ajiye shi a ɗakin karatu, mai bango biyu da ƙofa mai nauyi, inda ko ihu aka yi a waje ba ka ji. Ya ce mini wannan ne ya fi tsorata shi, rashin jin abin da ke zuwa.

Bayan la'asar limamin unguwarmu ya aiko a kira mu ukun da muke wurin. Tsoho ne ƙwarai, ba ya gani sosai, zaurensa cike da mutane, wasu fuskokin ba su yi mini daɗi ba. Ya sa aka shigar da mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya ji ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba. Da aka tara mu sai ga shi mun saɓa. Ghali ya ce a kofi na biyu ne, Malam ya ce ko na farko ba a zuba ba. Ni na ce Barnaba yana tsaye jikin ginshiƙi, Ghali ya ce a zaune yake kan benci. Malam ya manta da maganar gobara gaba ɗaya, ni kuma na sa ta a ƙarshe. Wani matashi daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Kun gani? Bakinsu bai zo ɗaya ba!” Zauren ya ɗauki guna-guni.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, “Sun saɓa a kan shayi da benci. A kan kalmar fa?” Aka amsa masa cewa a kan kalmar bakinmu ya zo ɗaya. Ya ce, “Da sun zo mini da magana guda tun daga bisimilla har amin, da na ce sun kwana suna haddace ta. Hamidan, kai ne malami. Ka san abin da ke kan mai shaidar zur, ka kuma san abin da ke kan mai ɓoye shaida. Mi ka ji?”

Malam Hamidan yana da abin rasawa fiye da mu duka, domin ɗalibansa suna cikin zauren. Ya ce, “Liman, ban yarda da littafinai ba, kuma gobe ma in mun zauna sai na faɗa mishi. Amma nashi ya ambata, ba namu ba. Littafinmu ya ce. Ni na ja shi ga maganar.”

Liman ya juyo wajen da yake jin numfashina. Ya ce, “Sidi, tawa muryar iyakarta masallacin ga. Taka tana zuwa har daji. Gobe kafin a tafi Juma'a ka faɗa musu. Kuma kada in ji ‘an ce’ a bakinka.”

Da muka koma, Malam ya leƙa ɗakin karatu ya gaya wa Barnaba yadda aka yi. Ya so ya sa shi dariya, ya ce, “Saura mutum guda mu cika huɗu irin naku. Amma kada ka ce ka ci ni gardama. Harafi guda, cikin gari guda, cikin kwana biyu, dubi abin da ya zama. Ina ga maganar da ta yi shekara dubu tana yawo?” Da a rumfa ne da Barnaba ya ba shi amsa tun bai rufe baki ba. Ranar sai ya ce, “Malam, na bar gardama.”

Labaran rana na Juma'ar nan su ne aikin da ya fi kowane wuya a rayuwata, kuma ba su kai layi goma ba. Tun da hantsi masu kanti na layinmu suka fara ja da ƙofofi. Motar jandarma ta wuce sau ɗaya ba ta dawo ba. Samari sun fara taruwa a inuwar bangon da ke kallon ƙofarmu. Wani abokin aiki ya ce mu saka saƙon a iska mu bayyana wa mutane inda kofin ya buga. Barnaba ya ce a'a, duk wanda bai ji ba sai ya ji, kuma “ku” zai ji. Don haka ba mu da komai sai bakina.

Ba wani mai na'ura a gidan sai shi, saboda haka shi ne ya zauna bayan gilashi ya buɗe mini mikiro. Jar fitila ta kama. Na yi sallama. Kalmar da zan fara da ita shekara talatin ina guje mata, kuma na san daga ranar duk wanda ke neman Barnaba ya san ƙofar gidana. Na ce, “Jama'ar Agadas, ni ne Sidi. Yau ba ‘in ji’, ba ‘an ce’. Ni ina wurin.” Na faɗi yadda muka zauna, da abin da Malam ya ce, da abin da Barnaba ya ce tun daga farko har ƙarshe, da kofin Ghali. Na ce littafinsu ya ambata, ba namu ba, kuma in na yi ƙarya Allah ya tambaye ni. Na ce wanda ya yanke maganar nan ya ɗora mata kai, shi ma Allah zai tambaye shi. Sai na ce ga sauran labarai, na karanta farashin gero da sanarwar rigakafin dabbobi, ban san me nake karantawa ba.

Na tafi masallaci ta ƙofar baya. Liman ya yi huɗuba a kan wanda aka kawo wa labari bai bincika ba. A wasu masallatan ban san abin da aka faɗa ba. Da aka sallame na dawo da sauri, na tarar taron ya ƙaru, Malam Hamidan yana tsaye a bakin ƙofarmu da rawaninsa da carbinsa, shi kaɗai, Ghali a bayansa. Aka yi ta hayaniya. Wasu suna cewa sun ji Sidi a rediyo, wasu suna cewa Sidi abokinsa ne, me kuke so ya ce. Duwatsu biyu ko uku suka sauka a kan kwanon rufi, ƙararsu kamar bindiga. Sai wasu dattawa daga masallacin Liman suka iso suka shiga tsakani, suna kiran samarin da sunayen iyayensu. A hankali aka fara zamewa. Kafin la'asar layin ya koma ba kowa sai awaki. Na shiga na gaya wa Barnaba an watse, ya dube ni kamar bai gane Hausa ba.

Kuna tsammani nan labarin ya ƙare, gaskiya ta yi halinta. Haka ake ƙare shi a wasan kwaikwayo. Abin da na faɗa sau ɗaya na faɗe shi, iska ta ɗauke. Saƙon kuwa yana nan cikin wayoyi. Ya tafi Arlit, ya tafi Dirku, bayan wata biyu ya dawo Agadas a matsayin sabon labari, aka sake jifan ƙofar gidan Barnaba. Magana zarar bunu ce. Mai nama ya koma sayar wa matar Barnaba, amma ba ya ɗaga ido. Yaran suka daina fita wasa. Barnaba ya ci gaba da zuwa aiki, yana buɗe mini mikiro yana rufewa, amma bai sake zama a rumfa ba, kuma in baƙo ya shigo da waya a hannu sai ya yi shiru har ya fita. Malam Hamidan yakan zauna da kofinsa ya dubi bencin. Ghali ya koma sayen garin sukari, bai sake fasa dunƙule ba.

Shi ya sa in na ga ɗayanku ya ɗauki muryar mutum ya yanke ya tura kafin ya haɗiye yawu, nake yi muku tsawar da kuke cewa ta tsufa ce. Gardamar su Malam, ko littafin Kirista ya fi labaran rediyo tabbas ko duk jirgi ɗaya ne, ban iya raba ta ba, ba kuma aikina ba ne. Ni Musulmi ne, na san inda na tsaya. Abin da na sani a sana'ata shi ne harafi guda yana iya tayar da gida.

Da aka rufe lakwal a shekarar, Barnaba ya ce zai mayar da iyalinsa Maraɗi. Muka raka shi tasha da safe, ni da Malam da Ghali. An ɗaure kayansu a saman mota, har da tsohuwar rezar nan na gani a aljihun rigarsa, cikin takardarta. Malam ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ce, “Ba mu ƙare maganarmu ba fa.” Barnaba ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu. Ya rungume Ghali, wanda yake ta neman gafara a kan kofin shayi. Sai ya zo kaina. Ya dubi hasumiyar masallaci da ke leƙowa ta saman gidaje, wadda ya sha kai baƙi su gani, ya ce, “Sidi, na gode. Allah shi zaunar da garinku lafiya.”

Ba kofi a wurin, ba sukari, injin motar ma ba a tayar ba tukuna. Na ji harafin sarai.